Tiyatar gyaran gani da burin tuƙa jirgin soja: Abin da ya kamata matasan Azare da Katagum su sani

A duk shekarar da Kwalejin Horas da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna ta fara karɓar takardun masu neman gurbi, matasa daga Azare da Zaki da Gamawa da Shira da Giade da Itas/Gadau da Jama'are kan shiga sahu, kuma akwai masu zaɓar ɓangaren sojin sama da fatan wata rana su tuƙa jirgi. Wannan buri yana da tushe a yankin. Iya Mashal Sadique Abubakar, wanda ya riƙe muƙamin Babban Hafsan Sojin Sama daga Yulin 2015 zuwa Janairun 2021, an haife shi a Azare a 1960, kuma matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne. A zamaninsa ne aka kafa rundunar ayyuka na musamman ta sojin sama mai hedikwata a Bauchi.

Cikin masu wannan buri akwai masu sanya tabarau, kuma tambayarsu ɗaya ce: idan aka yi wa mutum tiyatar leza ya daina amfani da tabarau, shin ƙofa za ta buɗe masa? Amsar tana buƙatar bayani, domin likitan sojin sama ba ya tsayawa kan yadda ido ke gani a ranar gwaji kaɗai. Yana duba yadda idon yake kafin tiyata, da irin aikin da aka yi masa, da yadda ya warke. A ƙasashen da ake karɓar waɗanda aka yi wa tiyatar, ana bi ne ta hanyar da ake kira sassaucin ƙa'idar lafiya, kuma sassaucin yana da sharuɗɗa.

Me tiyatar take gyarawa?

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai mai siffar ƙoƙo, wanda likitoci ke kira koniya. Kaurinsa bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, wato wajen maikiron 540, amma shi ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Sauran aikin na madubin da ke cikin ido ne. Idan komai ya daidaita, haske kan tattaru daidai a kan tantanin bayan ido, wato retina, sai mutum ya ga abu sarai.

Mai matsalar gani daga nesa galibi ƙwayar idonsa ce ta fi kima tsawo, sai haske ya tattaru kafin ya isa retina. Akwai kuma wanda ƙwayar idonsa ta gajarta, da wanda koniyarsa ba ta daidaita a lanƙwasa ba, ta fi lanƙwasuwa ta wani gefe. Ana auna girman waɗannan matsaloli da ma'aunin da ake kira diyofta, kuma shi ne lambar da ake rubutawa a takardar tabarau, kamar -2.00 ko +1.50. Ƙarfin gani kuwa ana auna shi da allon haruffa daga nisan mita 6. Wanda aka rubuta wa 6/6 yana karanta abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga wannan nisa.

Tiyatar leza tana sassaƙe wani ɓangare na koniya domin ta sauya lanƙwasarta. Gwargwadon girman matsala, gwargwadon abin da za a sassaƙe: kowace diyofta ɗaya kan ci kimanin maikiron 12 zuwa 15 na kaurin koniya, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Ya kamata a bambance wannan aiki da tiyatar yanar ido da ake yi wa dattawa a asibitoci da sansanonin jinya kyauta. A tiyatar yana, madubin cikin ido da ya yi hazo ake cirewa a sa na roba. Ayyuka biyu ne daban, kuma hukuncinsu a gwajin soja daban ne.

Ire-iren tiyatar

Hanya mafi daɗewa ita ce RK, wadda likitan Tarayyar Sobiyet Svyatoslav Fyodorov ya yaɗa a shekarun 1970. Ba a amfani da leza a cikinta. Da wuƙa ake tsattsaga koniya tsaga mai zurfi, daga tsakiya zuwa gefe, domin ta baje. Daga baya an gano illolinta: gani kan sauya tsakanin safe da yamma, kuma wani babban bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin shekara 10 kashi 43 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin sun ci gaba da sauyawa da diyofta ɗaya ko fiye. Ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tudu ma yana taɓa irin wannan ido. A 1996 wani likita Ba'amurke mai suna Beck Weathers, wanda aka taɓa yi wa RK, ganinsa ya dusashe yana gab da ƙololuwar tsaunin Everest, ya tsira da ƙyar bayan ya rasa hannu da yatsu saboda sanyi. Rundunonin sojin sama na Amurka ba sa ba mai neman tuƙi sassauci a kan RK.

Hanya ta biyu ita ce PRK, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urarta a 1995. A nan ana kankare fatar saman koniya, a sassaƙe ƙasanta da leza, sai fatar ta sake tsirowa cikin 'yan kwanaki. Akwai raɗaɗi a kwanakin farko, gani kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya zauna, kuma wasu kan sami ɗan hazo a koniya.

Hanya ta uku, wadda ta fi shahara, ita ce LASIK, da aka amince da ita a Amurka a 1999. Likita kan yanko siririn marfi daga saman koniya, ya ɗaga shi, ya yi aikin leza a ƙarƙashinsa, sannan ya mayar da shi. Mutum kan fara gani sosai cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai marfin ba ya haɗewa da koniya da ƙarfi irin na asali, kuma mugun bugu a ido na iya gusar da shi ko bayan shekaru, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa.

Ta huɗu ita ce SMILE, wadda aka amince da ita a Amurka a 2016. Leza kan yanke ɗan faifai a cikin naman koniya, a zaro shi ta ƙaramar kafa, ba tare da an ɗaga marfi ba.

Me ya sa sojin sama ke tsanantawa?

Yanayin da idon matuƙin jirgin soja ke aiki a ciki ya sha bamban da na direban mota. A sama iskar shaƙa tana raguwa, iskar cikin jirgi kuma busasshiya ce ƙwarai. Jirgin yaƙi idan ya yi juyi mai kaifi, nauyin da ke danne matuƙi na iya kaiwa ninki tara na nauyin jikinsa, jini ya yi ƙasa, gani ya fara dushewa. Idan jirgi ya lalace matuƙi ya harba kujerarsa ya fice, iska mai tsananin gudu ce za ta doki fuskarsa. Wannan ne ya sa aka daɗe ana ɗari-ɗari da marfin LASIK.

Sai kuma aikin dare. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa daga Amurka a 2021, da jirage masu saukar ungulu da ke aiki a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma, suna fita da dare kamar yadda suke fita da rana. A cikin duhu ɗan baƙin tsakiyar ido kan buɗe sosai, sai haske ya riƙa shiga ta gefen wurin da leza ta sassaƙe. Ga wasu mutane wannan kan haifar da zobe ko tartsatsi kewaye da fitilu. Mutum na iya karanta layin 6/6 a ɗakin gwaji mai haske, amma ya kasa bambance fitilun titin sauka a daren da hazo ya sauka. Shi ya sa ake yin gwaji na musamman kan gani a ƙarancin haske da kuma jure ƙyalli.

Akwai kuma lissafin dukiya da lokaci. Horar da matuƙi ɗaya, daga makarantar koyon tuƙi ta farko a Kaduna zuwa horon jiragen yaƙi a Kano ko na masu saukar ungulu a Inugu, aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa. Runduna tana neman idon da zai yi mata aiki shekara 20 ko fiye. Tun da masu nema sun ninka guraben da ake da su, ba ta da wata matsin lamba ta ɗauki wanda take da shakka a kansa.

Mene ne sassauci?

Sassaucin ƙa'idar lafiya yana nufin hukuma ta tabbatar cewa mutum bai cika wani sharaɗi da ke rubuce ba, amma bayan bincike ta gamsu cewa zai iya aikin ba tare da haɗari ba, sai ta ba shi izini a rubuce. Kwamitin likitoci ne ke bayar da shi, mutum ɗaya bayan ɗaya, bisa hujjojin da ke cikin fayil. Yana iya zuwa da sharaɗi, kamar sake gwaji lokaci-lokaci ko taƙaita irin jirgin da mutum zai tuƙa, kuma ana iya janye shi idan ido ya sauya. Wanda aka hana ba shi da hurumin cewa an tauye masa haƙƙi.

Tarihin Amurka ya nuna yadda irin wannan ƙa'ida ke sauyawa a hankali. Da farko duk wata tiyatar gyaran gani tana fitar da mai nema daga layi. A 2000 sojin saman ƙasar suka fara yarda da PRK ga ma'aikatan jirgi bisa sa ido. Bayan shekaru ana gwaji da tattara bayanai, a 2007 suka buɗe ƙofa ga masu neman tuƙi da aka yi wa LASIK. A wannan shekara ce ita ma hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta amince da PRK da LASIK ga masu neman zama 'yan sama jannati. Duk da haka an bar sharuɗɗa. Ga mai neman horon tuƙi, lambar tabaransa ta kafin tiyata kada ta wuce iyakar da aka gindaya, a jira wasu watanni bayan aiki, gwaje-gwaje a jere su nuna gani ya zauna, kuma babu wata illa da ta rage. Sojojin Amurka ma suna yi wa jami'ansu tiyatar a asibitocinsu, don haka fayil ɗin yana hannunsu tun daga farko.

A ɓangaren jiragen farar hula, ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda Najeriya ke cikinta, ta tanadi cewa wanda aka yi wa tiyatar da ta sauya ƙarfin idonsa ana ɗaukarsa bai cancanta ba, sai in an tabbatar babu wata illa da za ta hana shi aiki lafiya. Ma'ana, nauyin kawo hujja yana kan mai nema.

Abin lura shi ne kowace runduna da nata ma'aunin. Yawancin bayanan da matasa ke karantawa a intanet kan wannan batu na Amurka ne ko Birtaniya ko Indiya, kuma ba su ɗaure Rundunar Sojin Sama ta Najeriya ba. Abin da ke aiki a kan ɗan Azare shi ne sharuɗɗan da aka wallafa a sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekarar da ya nema, da hukuncin likitocin kwamitin tantancewa, sannan da gwajin lafiyar tuƙi da rundunar ke yi wa waɗanda za ta tura horo, wanda ya fi na shiga kwaleji tsanani.

Abin da leza ba ta gyarawa

Dalilin da ya sa ake neman lambar tabarau ta kafin tiyata shi ne leza tana aiki a gaban ido kawai. Idon da ya yi tsawo yana nan da tsawonsa, retinarsa tana nan a miƙe da sirantaka, kuma haɗarin yagewarta ko ɓallewarta bai ragu ba. Wanda yake -9.00 kafin tiyata, a wurin likitan soja idonsa na -9.00 ne ko da yanzu yana ganin 6/6.

Haka kuma leza ba ta gyara matsalar bambance launuka, wadda gado ce kuma ta fi yawa ga maza. Matuƙi yana dogara da ja da kore da fari a fitilun jirgi da na filin sauka, kuma ana gwada wannan da littafin ɗige-ɗige masu launi. Leza ba ta gyara harara garke, ba ta gyara idon da ya taso da rauni tun ƙuruciya, ba ta magance hawan jinin ido. Mai ɗaya daga cikin waɗannan zai iya kashe kuɗinsa a tiyata ya kuma faɗi gwaji a kan wani dalili daban.

Akwai kuma cutar da ke sa koniya ta sirance ta tsiro gaba kamar tsinin ƙoƙo, wadda kan bayyana a shekarun samartaka. Tana da alaƙa da yawan murza ido, kuma ƙaiƙayin ido na yara da matasa abu ne sananne a ƙasashe masu zafi da ƙura irin namu. Yi wa irin wannan ido leza haɗari ne, domin sassaƙe koniyar da dama ta yi rauni na iya lalata gani har a kai ga neman dashe. Likitan ƙwarai ba ya taɓa ido sai ya ɗauki taswirar koniya ya auna kaurinta.

Lissafin ɗan Katagum

Abu na farko shi ne shekaru. NDA tana ɗaukar matasa ne masu ƙarancin shekaru, ta hanyar jarrabawar JAMB da jarrabawar kwalejin da kuma kwamitin tantancewa. Ita kuwa tiyatar leza ba a yin ta ga wanda bai kai 18 ba, kuma ana so lambar tabarau ta tsaya cak aƙalla shekara guda kafin a yi. Matsalar gani daga nesa kan ci gaba da ƙaruwa har zuwa farkon shekaru ashirin. Saurayin da ya gaggauta yin tiyata yana ɗan 18 domin ya riski sanarwar bana, yana iya komawa ga tabarau yana ɗan 21, da koniyar da ta riga ta ragu. Sauri ya haifi nawa.

Abu na biyu shi ne yanayi. Bushewar ido ita ce illar da aka fi samu bayan tiyatar, musamman LASIK, kuma takan ɗauki watanni kafin ta lafa. Arewacin Bauchi yana fama da hunturu mai ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara mai tsanani ya biyo baya. Hasken rana mai ƙarfi yana ƙara yiwuwar hazo a koniya bayan PRK, shi ya sa likitoci ke wajabta baƙin tabarau na tsawon watanni. Wanda zai dawo gida ya hau babur tsakanin Azare da ƙauyuka dole ya sa wannan a lissafi.

Abu na uku shi ne takardu da bibiya. Masu yin wannan tiyata daga Arewa kan tafi manyan birane kamar Legas, ko su fita Masar ko Indiya ko Dubai. Sau da yawa mutum kan dawo da rasit da maganin ɗigawa kawai. Kwamitin likitoci kuwa zai so ya ga lambar tabarau ta kafin aiki, da taswirar koniya da kaurinta, da rahoton tiyata mai nuna irin aikin da yawan abin da aka sassaƙe, da sakamakon duk gwaje-gwajen da suka biyo baya. Neman waɗannan daga asibitin wata ƙasa bayan shekara biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Kuma maganin ɗigawa da ake bayarwa bayan tiyata yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ga wasu mutane, don haka dole a sami likita a kusa da zai riƙa aunawa.

Batun ɓoyewa ma ya kamata a faɗe shi a fili. Wasu kan ba da shawarar a yi tiyata a yi shiru. Na'urar taswirar koniya tana nuna wurin da leza ta baje, kuma gefen marfin LASIK yakan bayyana a ƙarƙashin madubin likita. Ba da bayanin ƙarya a takardar shiga soja kan jawo kora ko da an yi nisa da horo. Sassauci kuma ana ba da shi ne ga matsalar da aka bayyana. Wanda aka kama ya ɓoye ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Matakan da suka dace

Mataki na farko ba ya buƙatar tafiya mai nisa. Matashi ya je sashen ido na asibitin tarayya da ke Azare, wanda aka fi sani da FMC, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, a yi masa cikakken gwaji: ƙarfin gani, lambar tabarau, launuka, daidaiton idanu biyu, ƙarfin ruwan ido da duba retina. Idan ana buƙatar ƙarin bincike akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Ya adana kowace takarda, domin jerin lambobin tabarau na shekaru biyu ko uku shi ne shaidar cewa ido ya zauna ko bai zauna ba.

Mataki na biyu shi ne ya karanta sanarwar NDA ta shekarar da kansa, sannan ya nemi bayani daga sashen lafiya na Rundunar Sojin Sama kan matsayin tiyatar gyaran gani ga mai neman tuƙi, tun kafin a taɓa idonsa. Maganar asibitin da ke sayar da tiyatar ba ta zama hujja a gaban kwamitin soja, haka ma alƙawarin wani da ya ce zai shige wa mutum gaba a biya shi.

Mataki na uku shi ne ya san sauran hanyoyi. A tuƙin jiragen farar hula tabarau ba ya hana lasisi. Ƙa'idar ICAO ta lasisin matuƙin jirgin kasuwanci tana neman 6/9 a kowane ido da 6/6 a idanu biyu tare, da tabarau ko babu. Mai wannan buri yana iya neman Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya fara da gwajin lafiya a wurin likitan da hukumar NCAA ta amince da shi. A cikin sojin sama kuma akwai injiniyoyin jirage da masana makamai da sadarwa da likitoci da jami'an tattara bayanai, kuma kowane fanni da nasa sharaɗin lafiya.

Ga iyaye da ke tunanin sayar da gona ko dabbobi domin biyan kuɗin tiyata, tsarin da ya fi aminci shi ne gwaji tukuna, sannan tambayar rundunar, sannan shawarar likitan ido wanda ba shi da riba a cikin aikin. Tabarau ana iya cire shi a sake wani idan lamba ta sauya. Koniyar da aka sassaƙe kuwa da ita mutum zai rayu, ko ya sami gurbin tuƙi ko bai samu ba.